Cinikin Biri a Sama: Rigimar Buɗaɗɗiyar Manhaja da Rufaffen Ƙarfe

A daminar 2015 kawuna, wanda ke koyarwa a wata lakwal mai zaman kanta a Maraɗi, ya aiko mini da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, irin 'yar gwanjon nan, ya ce ƙwayoyin cuta sun cinye ta, ga shi kuma makin ɗalibansa na shekara duk yana ciki. Na kwashe masa takardunsa a filashi, na share babbar manhajar da ke kai, na ɗora masa wani nau'in Linux, ina ta cika baki cewa daga yau ya rabu da wannan masifa. Allo ya kawo, sauti ya fito, maɓallai suka amsa. Wi-Fi kaɗai ya ce bai san zancen ba. Da na bincika sai na tarar ɗan fayil ɗin da katin yake bukata yana intanet, intanet kuwa ba ta samuwa sai katin ya tashi. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai yaro, wannan ai an gudu ba a tsira ba ke nan."

Daga baya na sauko da fayil ɗin a telefon ɗina, na tura shi ta waya, aiki ya tafi. Amma tambayar ta tsaya mini a rai: me ya sa mutanen da suka iya rubuta babbar manhaja sukutum suka raba ta kyauta za su bar wannan ɗan abu a waje? Na ɗauka mantuwa ce. Ashe da gangan ne, kuma bayansa akwai rigimar da ta haura shekara arba'in ana yin ta.

Sai na ɗan yi bayani domin wanda ba sana'arsa ba ce. Kowane ƙarfe da ke cikin kwamfuta, ko katin Wi-Fi, ko na hoto, ko injin buga takarda, yana da yarensa. Babbar manhaja ba ta jin wannan yare sai ta bakin wani ɗan tafinta da ake kira direba. Wannan tafinta ba a zaure ake ajiye shi ba, a ƙuryar ɗaki yake kwana, cikin zuciyar manhajar, inda yake iya taɓa komai har kalmomin sirrin mai kwamfuta. In kamfani ya ba ka shi da rubutunsa na asali, kowa na iya karantawa ya ga abin da yake aikatawa. In kuwa ya ba ka shi a dunƙule, injin kaɗai ke fahimtarsa. Shi wannan dunƙulen ni nake kira curi.

Abin dariya shi ne, gaba ɗaya tafiyar buɗaɗɗiyar manhaja daga irin matsalar kawu ta faro. Wajen 1980 aka kawo sabon injin buga takarda na kamfanin Xerox a ɗakin binciken jami'ar MIT a Amurka, inda Richard Stallman yake aiki. Injin yakan cije takarda, mutane su yi ta jira ba su sani ba. Tsohon injinsu ma yana yin haka, amma Stallman ya gyara manhajarsa yadda za ta riƙa aika wa masu jira saƙo. Da ya nemi rubutun sabon injin don ya yi masa irin wannan gyara, sai aka hana shi, domin wanda ke da rubutun ya sa hannu a takardar alkawarin ba zai nuna wa kowa ba. A watan Satumba na 1983 ya shelanta aikin GNU, wato gina babbar manhajar da ba mai ikon kulle ta. Linus Torvalds kuma, ɗalibi ɗan shekara 21 a Helsinki, da ya sanar da tasa zuciyar manhajar a watan Agusta na 1991, shi da kansa ya ce da wuya ta taɓa aiki da wani faifan ajiya in ba irin wanda ke cikin kwamfutarsa ba, tunda shi kaɗai gare shi. Tun ranar haihuwa ke nan ana fama da maganar wane ƙarfe zai yi, wane ne ba zai yi ba.

Akwai wani gida kuma da ya girmi Linux, wato BSD na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Shari'ar da reshen kamfanin AT&T ya shigar a 1992 ta riƙe masa ƙafa har farkon 1994, inda aka sasanta a kan cire fayil uku kacal daga cikin kimanin 18,000. Kafin a gama wannan ja-in-ja Linux ya yi nisa. Daga wannan gida NetBSD da FreeBSD suka fito a 1993, kuma cikin waɗanda suka kafa NetBSD akwai mutumin da labarin nan ya fi shafa, Theo de Raadt, haifaffen Afirka ta Kudu da ya tashi a Kanada. A ƙarshen 1994 abokan tafiyarsa suka nemi ya sauka daga shugabanci, suna zarginsa da kaushin harshe. Wanda duk ya taɓa karanta amsoshin da yake ba mutane ba zai ce sharri suka yi masa ba. A watan Oktoba na 1995 ya buɗe OpenBSD daga gidansa a birnin Calgary.

Abu biyu suka bambanta OpenBSD tun farko. Na ɗaya, ya bar ma'ajiyar rubutun a buɗe, kowa a duniya na iya ganin kowane canji da aka yi, abin da a lokacin ba a saba ba ko a tsakanin masu raba manhaja kyauta. Na biyu, daga 1996 suka zauna suna bin rubutun layi-layi suna neman ɓaraka, kuma in suka ga kuskure iri ɗaya a wuri guda sai su bi dukan sauran wuraren su farauto 'yan'uwansa. Zamansu a Kanada ya taimake su, domin a wancan zamani dokar Amurka tana ɗaukar fasahar ɓoye saƙo kamar makami, ba a fitar da ita waje sai da izini. Daga wannan aiki OpenSSH ya fito a ƙarshen 1999, wanda yau kusan duk mai kula da manyan kwamfutoci daga nesa da shi yake shiga, har Windows da kwamfutocin Apple suna ɗauke da shi. Kirarin da suke yi wa kansu shi ne cewa a tsawon tarihinsu sau biyu tak aka sami kafar da wani zai kutsa daga nesa cikin manhajar yadda take zuwa ba a taɓa ta ba, ɗaya a 2002, ɗaya a 2007. Masu suka kan ce ai dole, tunda manhajar na zuwa kusan komai a kashe. Gidan da ba taga ɓarawo ta ina zai leƙa? Akwai gaskiya a sukan. Amma ni na fi ganin laifin wanda ke sayar maka da gida tagogi duk a buɗe bai gaya maka ba.

Mutumin da ya ɗauki karatun layi-layi a matsayin addininsa, ka ce masa ya saka curin da ba ya iya karantawa a ƙuryar ɗakinsa, ka san za a yi rigima. Ta kuwa zo da Wi-Fi.

Daga wajen 2002 zuwa 2004 kwamfutocin tafi-da-gidanka suka fara zuwa da katin Wi-Fi a ciki, kuma yawancin masu ƙera waɗannan katuna, irin su Broadcom da Texas Instruments, Windows kaɗai suka sani. Ba su ba da direba ba, ba su ba da littafin bayanin ƙarfen ba balle wani ya rubuta. A ɓangaren Linux sai aka ɓullo da dabara a 2003, wata manhaja mai suna NDISwrapper, wadda ke ɗauko direban Windows ɗungurungum ta yaudare shi ya ɗauka a gida yake. FreeBSD ma suka yi irin tata, kuma wanda ya rubuta musu, Bill Paul, da bakinsa ya laƙaba mata sunan da ke nufin aikin mugunta. Ya san abin da ya yi. Dabarar ta ceci dubban mutane da in ba don ita ba da sun koma Windows, wannan ba a musu. Kamfanin Atheros kuwa ya yi rabi da rabi: ya yarda a sami direba a buɗe, amma tsakiyarsa, wurin da ke magana da rediyon katin, curi ne. Hujjarsu ita ce hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ba za ta yarda a bar kowa ya riƙa murɗa ƙarfin rediyo da zangonsa yadda ya ga dama ba.

OpenBSD suka ce ba su yi. Wani matashi Bajamushe a cikinsu, Reyk Floeter, ya zauna a 2004 yana nazarin yadda curin Atheros ke motsa ƙarfen, har ya rubuta madadinsa a buɗe. De Raadt kuma ya shiga yaƙi da wasiƙu. Yakan nemo sunayen manajojin kamfani, ya roƙi masu amfani da manhajarsa su rubuta musu, kowa ya ce ni na sayi kayanku da kuɗina, ku ba da bayani. Kamfanonin Taiwan irin su Ralink da Realtek suka ba da haɗin kai, shi kuma ya riƙa gaya wa jama'a ƙarara su sayi nasu su bar na masu taurin kai. Saboda aikinsa a kan OpenBSD da OpenSSH gidauniyar Stallman ta ba shi lambar yabonta ta shekarar 2004, aka miƙa masa a Brussels a farkon 2005. Fitowar OpenBSD ta 3.9 a 2006 kuwa gaba ɗayanta a kan curi aka yi mata ado, har da zanen wani dodo mai narkewa.

A nan akwai wani bambanci da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane, kuma shi ne asalin abin da ya sami kawu. Curi iri biyu ne. Akwai wanda ke zaune cikin zuciyar babbar manhaja, wato direba. Akwai kuma wanda ake loda wa shi katin kansa duk lokacin da aka kunna kwamfuta, domin katin ma 'yar kwamfuta ce mai ƙwaƙwalwarta. A da wannan na biyun a ƙone yake zuwa cikin ƙarfen, ba mai ganinsa. Don rage kuɗin ƙira sai kamfanoni suka cire ma'ajiyar suka mai da shi fayil. De Raadt bai yarda da na farko ba ko kusa. Na biyun kuwa ya ce ai ɓangaren ƙarfe ne da aka fitar waje, abin da yake nema kawai a ba da izinin raba shi ba tare da sa hannu a wata takarda ba. Stallman ya ce a'a, duk manhajar da ake iya sauyawa manhaja ce, in kamfani na iya canza ta kai ba ka iyawa, to kai bawa ne. Saboda haka mutumin da suka ba lambar yabo, manhajarsa ba ta cikin jerin waɗanda gidauniyar ta amince da su har yau, kuma a ƙarshen 2007 su biyun sun yi musayar kalamai masu zafi a bainar jama'a. Debian, ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen Linux, sun bi ra'ayin da ya fi kusa da na Stallman: a fitowarsu ta 6.0 a watan Fabrairu na 2011 suka tsame duk irin waɗannan fayiloli daga faifansu na hukuma.

Shin tsoron curi tsoron banza ne? Shekarar 2006 ɗin kanta ta ba da amsa. A watan Oktoba kamfanin tsaro na Rapid7 ya fallasa ɓaraka a rufaffen direban hoto na Nvidia da masu Linux ke amfani da shi, kuma ba wanda zai iya ɗinke ta sai Nvidia. A watan Nuwamba aka bayyana wata a direban Wi-Fi na Broadcom na Windows, inda wanda ke kusa da kai zai iya aiko da sunan hanyar sadarwa mai tsawon da ya wuce ƙima ya ƙwace kwamfutar, kuma masu Linux da suka aro wannan direba ta NDISwrapper sun aro shi da cutarsa. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a 2017, wani mai bincike, Nitay Artenstein, ya nuna irin wannan a cikin manhajar da ke can cikin ƙwayar Wi-Fi ta Broadcom, wadda ke cikin iPhone da wayoyin Android masu ɗimbin yawa. Wato har curi iri na biyu, wanda de Raadt ya yi wa sassauci, ba tsarkakakke ba ne.

Sai dai in na tsaya nan na yi rashin adalci, domin buɗaɗɗen rubutu ma ya sha kunya, kuma kunyar tasa ba ƙarama ba ce. Akwai maganar da aka daɗe ana yi cewa in idanu suka yi yawa a kan rubutu, kuskure ba ya ɓuya. A 2006 wani mai kula da manhajar OpenSSL a Debian ya cire wasu layuka da ya ɗauka ba su da amfani, ashe su ne ke samar da lambobin kacici-kacici na makullan sirri. Har watan Mayu na 2008 ba wanda ya lura, kuma duk makullin da aka ƙera a tsakani ɗaya ne daga cikin kimanin 32,000 kacal, abin da kwamfuta ke gwadawa kafin shayi ya huce. A watan Afrilu na 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL ɗin dai, bayan ta shekara biyu a fili kowa na iya gani, sannan duniya ta farga cewa manhajar da bankuna da manyan kamfanoni ke dogara da ita tana samun gudummawar kusan dala 2,000 ne a shekara. 'Yan OpenBSD suka ɗauke ta suka yi mata aski, suka zubar da layi wajen 90,000 cikin mako na farko, suka kira tasu LibreSSL. Rubutu a buɗe yake, amma jama'a kowa ya ɗauka wani ne ke karantawa, kamar jinjirin da aka bari a tsakar gidan biki.

Na baya-bayan nan ya fi ba ni tsoro. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana taimakon mai kula da wata 'yar manhajar matse fayil mai suna xz, har aka amince da shi aka ba shi makulli, sannan ya dasa ƙofar baya da aka nufa da masu shiga kwamfuta ta OpenSSH a wasu gidajen Linux. A ƙarshen watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shigarsa ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi ya tono ta. Masu goyon bayan rufaffiyar manhaja suka ce kun gani. Ni kuma abin da na gani shi ne, Freund ya iya bin sawun ne saboda akwai sawun da za a bi, kuma ita ƙofar ma a cikin fayilolin gwaji da ido ba ya karantawa aka ɓoye ta. Curi ne a tsakiyar buɗaɗɗen gida.

A fagen kamfanoni kuwa, sannu a hankali ƙasa ta motsa. Aikin Floeter ya zama tushen direban Atheros na Linux, kuma a 2008 Atheros da kansu suka saki buɗaɗɗen direba na sababbin katunansu, ba a kuma ji FCC ta kama kowa ba. Broadcom suka biyo baya a 2010. Nvidia suka fi kowa daɗewa. A watan Yuni na 2012 Torvalds, a gaban ɗalibai a jami'ar Aalto ta Finland, ya ce su ne kamfani mafi wahalar sha'ani da suka taɓa hulɗa da shi, ya ɗaga musu yatsa a gaban kyamara. Sai a watan Mayu na 2022 suka buɗe ɓangaren direbansu da ke zama cikin zuciyar manhaja, bayan sun kwashe aiki mai yawa sun mayar cikin manhajar katin, wadda ke nan a rufe. Ban yarda wasiƙun de Raadt kaɗai suka kawo wannan ba. Android da manyan rumbunan kwamfutoci sun mai da Linux kasuwar da ba a iya rainawa, kuma kamfani kuɗi yake ji kafin wa'azi. Amma da kowa ya gamsu da NDISwrapper tun 2003, ban ga abin da zai sa su motsa ba.

Curin dai bai mutu ba, ƙasa ya ƙara nutsewa. A 2017 masu bincike suka tabbatar cewa cikin ƙwayoyin Intel na zamani akwai wata 'yar kwamfuta dabam mai aiki ko babbar manhaja na barci, kuma tana tafiya ne da MINIX, manhajar Farfesa Andrew Tanenbaum, wanda a 1992 ya yi muhawara da Torvalds yana cewa tsarin Linux ya tsufa tun kafin ya girma. Lasisin MINIX ya halatta a ɗauka a rufe, Intel suka ɗauka suka rufe, shi kansa malamin bai san an sa ta a can ba sai da labari ya fito. A shekarar kuma aka sami ɓaraka a wannan ɓangare. Duk wanda ya ce kwamfutarsa a buɗe take tun daga sama har ƙasa, ko dai tsohuwa ce ƙwarai ko bai leƙa ƙasan ba.

Debian suka sake zama a 2022, suka kaɗa ƙuri'a, rinjaye ya ce a mayar da waɗannan fayiloli cikin faifan hukuma. Hujjar da ta yi nasara ita ce wadda kawu ya faɗa mini a Maraɗi da kalmomi kaɗan, haɗe da wata: tunda ƙarfen ba ya tashi sai da curin, hana shi ba ya kare kowa, yana dai hana mutum samun gyaran da kamfanin ya fitar. Fitowarsu ta 12 a watan Yuni na 2023 ita ce ta farko a wannan tsari. OpenBSD kuwa suna nan kan bakansu. Sun cire Bluetooth gaba ɗaya a 2014 saboda ba mai kula da rubutunsa, sun kashe wata dabarar ƙara sauri ta Intel a 2018 saboda ba su amince da ita ba, kuma in ƙarfenka ba ya cikin jerinsu amsar ita ce ka sayi wani.

Wannan amsa ce nake kasa haɗiyewa, duk da cewa a zuciya na fi karkata ga mutumin Calgary. Wanda ke Kanada yana iya duba jerin ya zaɓi kwamfutar da ta dace. Mu abin da jirgin ruwa ya sauke a Kwatano ko Lome ko Legas shi muke saye, ba ka sanin katin da ke ciki sai ka kunce. Kuma maganar ta ƙara matsowa kusa, domin ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na gama-gari, Windows 11 kuma yana neman ƙwayar tsaro ta TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar da yawancin tsofaffin kwamfutoci ba su da ita. Waɗanda ofisoshin Turai za su zubar, kasuwanninmu za su zo, lafiyarsu lau, kuma mai sayensu zai zaɓa tsakanin Windows ɗin da ba a ƙara ɗinke masa ɓaraka da Linux mai ɗauke da curin da ba wanda ya karanta. Ni dai na biyun nake ɗora wa mutane, ina sane da abin da nake yi.

Watannin baya kawu ya sake aiko da wata, ya yi ritaya yanzu amma yana rubuta wa masallacin unguwa takardu. Na ɗora mata sabon Linux, Wi-Fi ya kama tun ana cikin sakawa, ba waya ba telefon. Na buɗe jerin fayilolin da manhajar ta loda wa ƙarafan ina nuna masa, ina ƙoƙarin gaya masa cewa wannan da wannan ba mu san abin da ke cikinsu ba. Ya gyara tabarau ya duba, ya ce, "To, ɗana, su waɗanda suka sani ɗin, sun taɓa cewa za su gaya mana?" Na ce a'a, kawu. Ya ce in haɗa masa injin buga takarda kafin a ɗauke kuran.